Masaƙun Kakuri: ta ina zan fara?

Ɗalibar Samaru: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina rubutu kan masaƙun Kaduna, ranar Asabar zan shigo gari. Ina da ina zan je?

Baba Mai Ritaya: Wa alaikumus salam 'yata. Ki tsallaka kogi ki yi kudu, Kakuri da Makera, nan suke jere kusa da layin dogo. Fara da masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, ita ce uwa. A 1957 ta soma aiki, gwamnatin Sardauna ce ta haɗa gwiwa da wani kamfanin Ingila. Daga baya Arewa Textiles ta Japanawa da United Nigerian Textiles (UNTL) ta 'yan Hong Kong suka biyo, audugar Funtuwa da Gusau ake saƙawa. Da jiniyar tashi ta kaɗa sai kekuna su cika titi, mota ta rasa wurin bi, masu tuwo da masu shayi na bakin ƙofa suna rubuta bashi zuwa ƙarshen wata. KTL ta rufe a 2002.

Ɗan Makera: Baba ya gama magana. Sai dai kada ki sa rai da gini, ba lalle masu gadi su bar ki ki shiga ba, ciyawa ce ma ta cinye wurin. Hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu tana nan Kaduna, su za su haɗa ki da tsofaffin ma'aikata. Ki tambaye su rashin wuta da tsadar baƙin mai, wato man da masana'antu ke ƙonawa.

Hajiya Mai Atamfa: Wuta kaɗai? Fasa-ƙwauri ya kashe masaƙun! Atamfar China ta shigo da araha, har zanenmu da tambarinmu suke kwaikwaya. Ƙanwata, ki biya kasuwar Gumi, ki sa tsofaffin dillalai su nuna miki bakin zani, a nan ake gane ta gida.

Malam na Unguwar Rimi: Takardu kuwa sai Arewa House a titin Rabah, tsohon gidan Sardauna. A can za ki ga yadda garin ya zama hedikwatar Arewa a 1917 bayan Zungeru, shi ya sa kowace ƙabila akwai ta a Kaduna. Kada ki manta masana'antar haɗa motocin Peugeot da aka buɗe a 1975, ita ma a Kakuri take.

Ɗalibar Samaru: Allah ya saka da alheri. Arewa House na buɗewa Asabar?

Malam na Unguwar Rimi: Gara ki zo ranar aiki, da takardar makarantarku a hannu.