Neman shawara: "sanction" amincewa ce ko takunkumi?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan da na fara aikin fassarar labarai a wani gidan rediyo. Jiya aka miƙo mini takarda ɗauke da "the council sanctioned the payment", ni kuwa na rubuta cewa majalisa ta sa takunkumi kan biyan kuɗin. Saura minti goma a shiga labarai edita ya zagaye layin da jan biro, ya ce ai amincewa suka yi. Wallahi gumi ne ya karyo mini. Ni dai na san kalmar ne a takunkumin da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023. Don Allah yaya zan riƙa bambancewa?

Tsohon mai fassara:
Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, kalmar ce mai baki biyu. Daga Latin ta fito, inda take nufin dokar da aka tabbatar haɗe da hukuncin wanda ya karya ta, shi ya sa ta ɗauko ma'anonin biyu. Ka riƙa duba abin da ya biyo bayanta. In aiki ne, kamar biyan kuɗi, gini ko taro, to an sahale ke nan. In kuwa mutum ne ko ƙasa ko kamfani, galibi hukunci ne. Sannan in ka ga "sanctions" tare da "impose" ko "lift", ba sai ka yi dogon tunani ba, takunkumi ne aka ƙaƙaba ko aka ɗage, kamar yadda ECOWAS ta ɗage nata a Fabrairun 2024.

Malamar shari'a:
Baba ya gama magana. Amma ƙanena, wadda ta fi ci mini tuwo a ƙwarya ita ce "ratify". Kullum sai in ji an ce "ta rattaba hannu", alhali sa hannu daban, tabbatarwa daban. Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Yamai a Yulin 2019, amma sai a ƙarshen 2020 ta tabbatar da ita. Amurka kuwa ta sa hannu kan yarjejeniyar Kyoto ta sauyin yanayi a 1998, ba ta taɓa tabbatarwa ba. Shi kuma "assent" amincewar shugaban ƙasa ce da ƙudirin da majalisa ta zartar, kuma sashe na 58 na kundin tsarin mulkin Najeriya ya ba shi kwana 30. Nan ne rattaba hannu ya dace.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri Baba, na gode Yaya. To in jimlar ta ƙi fayyacewa fa, ga lokaci ya ƙure?

Tsohon mai fassara:
Kada ka yi canke. Karanta sakin layin da ke ƙasa, yawanci can za ka ga an saki kuɗin ne ko an hana. In ba ka gani ba, tashi ka tambayi wanda ya kawo labarin kafin a buɗe makirufo.