Shin Korar Moriskawa Ce Ta Durƙusar da Sifaniya?

Malam Habibu: Assalamu alaikum. Na daɗe ina jin ana cewa Sifaniya ta fara gangarowa ne tun ranar da ta kori jikokin Musulmin Andalus, kuma ni na gamsu da wannan magana. Bayan faɗuwar Garanada, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, a 1492 an tilasta wa Musulmi shiga Kiristanci, aka riƙa kiransu Moriskawa, sannan Sarki Filib na Uku ya sa aka kwashe su tsakanin 1609 da 1614. Kimanin mutum 300,000 ne, akasarinsu aka zuba su a jiragen ruwa zuwa Maroko da Aljeriya da Tunisiya. A cikinsu akwai manoman shinkafa da rake da masu kiwon tsutsar siliki, kuma ƙasar da ta kori manomanta da hannunta ba ta da wanda za ta zarga idan rumbunta ya zama wayam.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, babu mai musun cewa zalunci ne, amma jerin shekarun bai goyi bayanka ba. Baitulmalin sarki ya kasa biyan bashi a 1557 da 1575 da 1596 da 1607, duk kafin a kori Bamoriske ko ɗaya zuwa ƙetare. Azurfar dutsen Fotosi, wanda aka gano a 1545 a ƙasar da ake kira Bolibiya yau, tana sauka a tashar Sebiya ta Sifaniya ne ta zarce hannun masu ba da rance na Jenowa ta Italiya da na Jamus, domin a biya sojojin da ke yaƙi a Holan, wadda ta yi wa sarkin Sifaniya tawaye, yaƙin da aka fara a 1568 bai ƙare ba sai 1648. Abin da ya rage a gida kuma ya tayar da farashi, har ya zama ana fitar da gashin tumakin Kastil, yanki mafi girma a Sifaniya, ɗanye, a saƙa shi a waje, a dawo a sayar wa masu tumakin. Kastil ce ke ɗauke da mafi yawan harajin daular, alhali Moriskawan cikinta 'yan kaɗan ne.

Malam Habibu: Hajiya, kin tsaya a Kastil kin bar Balansiya da ke gabashin Sifaniya, inda kusan mutum ɗaya cikin uku ya tafi. Ƙauyuka sun zama kufai, masu gonaki sun rasa 'yan hayar da ke noma musu, suka kasa biyan basussukansu, su ma mutanen birni da suka ba su rancen suka shiga uku. Har yau kalmar da Sifaniyawa ke kiran magudanar ban ruwa da ita, wato acequia, daga saƙiya ta Larabci ta fito, kuma wannan ya isa ya nuna wanda ya rayar da ƙasar.

Malam Yusha'u: Yaya Habibu, a gafarce ni, akwai gyara. Fadamar da ke kewaye da birnin Balansiya ta daɗe da komawa hannun Kiristoci, domin an ci birnin tun 1238. Moriskawa da yawa a tudu suke, a ƙasar da sai damina, ban da wurare irin su Gandiya inda suke aikin rake. Inda akwai ruwa an samu masu maye gurbi da wuri. Jigawar ce ta daɗe babu kowa. Shi kansa sukarin ya riga ya fara shan kaye a hannun na tsibirin Madera da na Barazil. Sannan annobar da ta ratsa Kastil daga 1596 zuwa 1602 ta kashe kimanin mutum rabin miliyan, adadin da ya fi na waɗanda aka kora.

Hajiya Rabi: Madalla, Malam Yusha'u. Ni a ganina korar alama ce ta ciwon da ya riga ya ci jiki. A watan Afrilun 1609 aka amince da ita, kuma a cikin watan ne sarki ya yarda da tsagaita wuta na shekara 12 da 'yan tawayen Holan. Gwamnatin da ta gaza a fagen daga ce ta juyo kan marasa ƙarfi na gida domin ta wanke fuskarta.

Malam Habibu: Na karɓi gyaran fadamar, kuma na janye cewa korar ita kaɗai ta durƙusar da daular. Amma Hajiya, annoba daga Allah take, kora kuwa da tawada aka sa mata hannu, kuma wanda bashi ya yi wa katutu shi ya fi kowa buƙatar masu biyan haraji. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a 2015 majalisar Sifaniya ta yi dokar ba jikokin Yahudawan da aka kora a 1492 damar zama 'yan ƙasa, wanda daidai ne, amma jikokin Moriskawa da ke Rabat da Tetuwan da Testur ta Tunisiya ba a saka su a cikin dokar ba.