Wace kalma za mu ba "inzayim"? Shirin manoma gobe ne

'Yar Kumo: Salamu alaikum. Gobe da hantsi zan naɗi shirin manoma a Gombe, baƙona malamin kimiyyar tsirrai ne. Zai yi bayani a kan wani inzayim mai tagulla da ake kira amin oksides, wanda ya yawaita a sabon tsiron dangin wake. Yana kama sinadaran amin irin su futiresin, ya haɗa su da iskar oksijin, ya fitar da amoniya da haidurojin faroksaid, ruwan nan mai kumfa na wankin ciwo. Da wannan ruwan tsiro ke taurara bangon ƙwayoyin halittarsa, ya toshe inda ƙwaro ya ciza. Kalmar inzayim ce ta gagare ni.

Ɗan Azare: Sinadarin hanzari.

Malamin Kimiyya: Manomi zai ɗauka sabon taki ne. Inzayim furotin ne, yana gaggauta aiki ba tare da ya ƙare a cikin aikin ba. Kuma 'yar'uwa, ki ce jan ƙarfe. Tagulla gauraye ce, ita ake ba na uku a gasa.

Baba Tsohon Tafinta: 'Yata, ƙaimi. Mahayi ya taɓa doki da shi, doki ya zabura, ƙaimi na nan a ƙafarsa. Me ya rage? Ƙaimi mai jan ƙarfe.

Malamin Kimiyya: Allah ya ƙara girma, Baba, kalmar ta yi kyau ƙwarai. Matsalata ɗaya: ƙaimi kowane doki yake hawa, inzayim kuwa zaɓe yake. Wannan sai sinadaran amin. Tagwaye ne manne da juna, kowanne riƙe da ƙwayar jan ƙarfe ɗaya da wani mataimaki, TPQ, wanda furotin ɗin ke ƙerawa daga tairosin, ɗaya daga tubalan ginin jikinsa, da taimakon jan ƙarfen. Sai a 1990 aka gano shi, a ɗakin binciken Judith Klinman a Amurka. Ɗalibin da ya haddace ƙaimi kawai, me zai rubuta ranar jarrabawa?

Baba Tsohon Tafinta: Kullum jarrabawa! Don ita muke raba yara da harshensu. Jirgin sama da na'ura mai ƙwaƙwalwa, wa ya tambayi Bature kafin a raɗa su?

Ɗan Azare: Amma Baba, kwamfuta kowa ke cewa yau. Kuma in masanan Bayero ba su sa hannu ba, ƙaimin nan ba zai wuce Darazo ba.

Baba Tsohon Tafinta: Yaro, Hausar Bauchi ba ta jiran takardar izini daga Kano. Da muke fassara labarai ba a haife ka ba.

Ɗan Azare: A gafarce ni, ba raini ba ne.

'Yar Kumo: Jama'a, dare na yi. Ga abin da na rubuta: "inzayim, wato ƙaimin aiki a jikin mai rai". Sau ɗaya zan faɗi haka a buɗe shiri, daga nan sai in riƙa cewa ƙaimin. Tagulla na cire.

Malamin Kimiyya: A rediyo na yarda. A aji inzayim zan ci gaba da rubutawa.

Baba Tsohon Tafinta: Ban so kalmar aro ta riga tamu fita ba. Amma je ki naɗa. Ki tambayi baƙon ko ƙaimin nan na da hannu wajen rufe ƙofofin ganye lokacin fari.

Malamin Kimiyya: Yana da shi, Baba, ta wannan ruwan mai kumfa.

Ɗan Azare: To, oksides ɗin fa? Ba wanda ya taɓa shi.