Me ya hana gasar ƙwallon ƙafa ta mata a Najeriya bunƙasa?

Uwar 'Yan Biyu:
Assalamu alaikum. Ina roƙon masana su warware mini wani abu da ya ɗaure mini kai. A watan Yulin 2025 Super Falcons, ƙungiyar mata ta Najeriya, ta ɗauki kofin Afirka karo na 10, bayan ta farke ƙwallaye biyu da Maroko ta zura mata, ta ci 3-2 a Rabat, amma gasar cikin gida da aka fara tun 1990 da wuya ka ji labarinta ko a rediyo. A ina gizo ke saƙar?

Tsohon Mai Tsaron Gida:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A ganina, tushen matsalar shi ne yawancin manyan ƙungiyoyin, irin su Rivers Angels da Bayelsa Queens da Edo Queens da Nasarawa Amazons, na gwamnatocin jihohi ne, don haka ƙarfinsu yana bin ra'ayin wanda ke kan kujera, ba kuɗin ƙofa ko na talla ba. Na taɓa halartar wani wasa da aka buɗe ƙofa kyauta, amma 'yan kallo ba su cika rumfa ɗaya ba. Baƙin kuwa kwana suka yi a mota, har na ga wata 'yar wasa tana ɗaure takalminta da ya yage da filasta kafin a busa usur. Wadda duk ta yi fice ba ta zama. Asisat Oshoala daga Rivers Angels ta tafi Liverpool a 2015, ita ma Chiamaka Nnadozie daga Rivers Angels ɗin ta koma Paris FC ta Faransa.

Malamin Makaranta:
Yaya, na yarda da kai, sai dai tafiyarsu waje ba aibi ba ce idan ƙungiyar da ta raine su tana samun rabonta. Abin dubawa shi ne gasar zakarun Afirka ta mata da aka fara a 2021. Mamelodi Sundowns ta Afirka ta Kudu ta ɗauka a 2021 da 2023, AS FAR ta Maroko a 2022, TP Mazembe ta Kongo a 2024, alhali Bayelsa Queens ta tsaya a matsayi na uku a 2022. Maroko ba da baki ta kai nan ba, domin tun 2020 hukumar ƙwallonta ta ɗauki nauyin tallafa wa albashin 'yan wasan gasarta.

Uwar 'Yan Biyu:
Na gode, Malam. Saura batun Arewa, inda iyaye da yawa, har da ni, sutura ce ke sa mu ɗari-ɗari.

Malamin Makaranta:
Hajiya, tun 2014 dokar wasa ta amince da rufe kai, kuma Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar cin kofin duniya ta 2023 da hijabi. Abin da ya rage mana shi ne filin atisaye mai katanga, da mata masu horarwa, da gasar makarantun 'yan mata da za a riƙa tashi kafin magariba.