Jakar hatsi ta gasa jiki, me ake zubawa?

Maman Ilham: Salam 'yan uwa, sanyin Jos ya shigo, Hajiyarmu kuma gwiwa ta matsa mata, ina so in ɗinka mata 'yar jakar nan da ake ɗumamawa a maikirowef, don Allah me ake zubawa ciki?

Anti Rabi: Busasshiyar shinkafa ko alkama. Yadin ya zama auduga zalla, mai roba-roba narkewa yake. Kar ki cika ta dam, ki bar wuri don ta kwanta a gwiwar.

Ummu Sadik: Minti 1 zuwa 2 ya isa, ki girgiza ki gwada a hannunki tukuna. In Hajiya na da ciwon suga ki kula sosai wallahi, ba lallai ta ji tana ƙonewa ba.

Maman Ilham: Tana da shi kuwa, zan naɗe da tawul. Gero fa? shi muke da shi

Anti Rabi: Yana yi, banda dai masarar gugguru.