Shawarwarin masu amfani da Instax Mini Evo

Da aka zauna hirar kyamarar nan ta Fujifilm mai fitar da hoto a takarda nan take, bakin kowa ya zo ɗaya kan abu guda: kada ka yi saurin fitar da hoto. Ɗauki da yawa, duba su a allon baya, sannan ka ja ɗan hannun fitarwa kan wanda ya kwanta maka a rai. Kowane kwalin fim, wato takardar da hoton ke fitowa a kai, guda 10 ne kacal a ciki, kuma da tsada.

Sun ce a saka katin ajiya na microSD, don cikin kyamarar hoto kusan 45 kawai yake ɗauka.

Abin da ya fi damuna shi ne zafi. Fim ɗin ba ya son ya wuce digiri 40, don haka a watan Afrilu kada a bar shi cikin mota. In hoto ya fito, kar a kaɗa shi. A ba shi kamar daƙiƙa 90.