Me ya sa aka hana jirgin Nimitz yin yaƙin a fim ɗin The Final Countdown?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Jiya da dare na kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna The Final Countdown, wanda ya fito a 1980, kuma har yanzu raina bai kwanta da yadda aka ƙare shi ba. Labarin shi ne, wata baƙuwar guguwa ta haɗiye jirgin ruwan yaƙi na Nimitz mai ɗauke da jiragen sama a tekun Fasifik, ta jefa shi cikin ranar 6 ga Disamba 1941, wato jajibirin harin da Japan ta kai Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii. Kyaftin ɗin, wanda Kirk Douglas ya fito a matsayinsa, ya daɗe yana jinkiri, sannan ya ba da umarni jiragensa su tashi su tari rundunar Japan. Suna cikin sararin sama ke nan sai guguwar ta dawo ta maido su zamaninsu, ba a yi arangamar ba. Tambayata ita ce, shin marubutan gazawa suka yi, ko akwai wata hikima da ban gano ba?

Tsohon Makanike:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Da an yi wannan yaƙin, da ba za ka samu abin kallo ba, domin ƙarfin ba ɗaya ba ne. Ka tuna wurin da jiragen F-14 biyu na Nimitz suka yi wasa da jiragen Zero na Japan kamar kyanwa da ɓera kafin su kakkaɓo su. To haka za a yi wa dukan rundunar Japan da Admiral Nagumo ya jagoranta, duk da cewa tana da manyan jiragen ruwa shida da suka harba jiragen sama 353 a zubi biyu. Amma ni a matsayina na wanda ya yi shekaru yana gyaran injuna, abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayan nasarar. Nimitz da makamashin nukiliya yake tafiya, sai dai jiragen da ke kansa man jet suke sha, kuma kowane tashi sai an canza musu wani abu. A 1941 babu masana'antar da za ta ƙera maka makami mai linzami ko kayan gyaran na'urar radar irin tasu. Cikin ɗan lokaci za su koma tarin ƙarafa masu tsada.

Ɗalibar Tarihi:

Malam Makanike, na yarda da bayaninka a kan kayan gyara, amma ina ganin damuwar kyaftin ta wuce nan. Soja ba ya buɗe wuta sai da umarni, shi kuwa wannan mutum ya wayi gari shugabanninsa wasu yara ne, wasu ko haihuwarsu ba a yi ba, sannan ƙasarsa ba ta cikin yaƙi da Japan a wannan rana. Abin mamaki ma, jirgin sunan Chester Nimitz yake ɗauke da shi, mutumin da bai karɓi ragamar rundunar sojan ruwan Amurka ta Fasifik ba sai a ƙarshen watan Disamban nan, bayan an riga an yi ɓarnar.

Akwai kuma nauyin tarihi. Harin ya kashe Amurkawa 2,403, kuma 1,177 daga cikinsu a jirgin Arizona kaɗai suka mutu, saboda haka duk mai imani zai so a hana shi. Sai dai wannan harin ne ya rufe bakin masu cewa Amurka ta kauce wa yaƙin duniya, kuma kwana huɗu bayansa Jamus ta shelanta yaƙi a kanta. Idan aka cire wannan rana, babu mai iya cewa ga inda yaƙin Turai zai dosa. Fim ɗin ya ɗora wa mutum ɗaya wannan kaya, ya bar mu muna kallon yadda yake gumi da shi, kuma a ganina nan ne daɗinsa yake.

Mai Neman Sani:

Na gode, Malama, amma ai kyaftin ya riga ya yanke hukunci. Guguwar ce ta ƙwace masa, wato marubutan sun tsere wa sakamakon ke nan.

Ɗalibar Tarihi:

A nan ba zan musa maka gaba ɗaya ba, domin dawowar guguwar a daidai wannan lokaci ta yi kama da dabarar fita kunya. Amma ka sake duba ƙarshen. Kwamanda Owens, ɗaya daga cikin hafsoshin Nimitz, wanda aka bari a tsibiri a 1941 tare da sakatariyar wani sanata na wancan zamanin, shi ne ya bayyana a cikin mota ya tsufa, da sunan Tideman, attajirin da tun farko ya tura wani farar hula mai suna Lasky, wanda Martin Sheen ya fito a matsayinsa, ya hau jirgin. Ke nan zuwan Nimitz yana cikin tarihin tun asali, kuma tsohon ya yi kusan shekara 40 yana jiran ranar da jirgin zai dawo tashar, har da karen da matarsa ta rabu da shi.